Ƙoƙi-ƙoƙi mai kama da fure: za ta rayu a Kano kuwa?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana yana karatu a Malesiya, zai zo hutu a Disamba in Allah ya yarda. Ya turo mini bidiyon wata ƙoƙi-ƙoƙi fara sol mai ratsin ruwan hoda, in ba motsi ta yi ba sai ka rantse fure ne. Ya ce akwai masu sayar da su a 'yan robobi, ana ajiyewa a ɗaki. Ni dama mai son kiwo ne, ina da zomaye da tantabaru, sai na roƙe shi ya zo mini da biyu, mace da namiji. Za su rayu a nan? Me ake ba su? Zan iya haɗa su a akwati ɗaya? Hajiyarmu dai ta ce ƙwaro ba abin kiwo ba ne, amma ba ta hana ba.

Baban Hanan, Selango:
Wa alaikumus salam ƙanina. Na san wadda kake nufi, Hymenopus coronatus, 'yar dazukan Malesiya da Indonesiya da Tailan. Ina da ita a kan teburina yanzu haka, ta maƙale a raga kai ƙasa. Amma shawarata, ka ce wa yayanka ya sayo maka turare ko takalmi.

Matsalar tana wajen saɓa. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ta girma sai ta tuɓe tsohuwar fatarta, kuma za ta yi haka sau da dama kafin ta yi fiffike. Takan rataye da ƙafafun baya, fatar ta tsage ta gadon baya, ta zame a hankali. In iska ta bushe, fatar takan kama ta a tsakiya, ko ta mutu a ciki, ko ta fito da hannu a karkace ta kasa kamun abinci. Ita wannan farar tana son ɗanshin iska kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, da zafi digiri 25 zuwa 30. A nan Malesiya Allah ne ke bayarwa kyauta, ko tagar ɗaki ka buɗe ka samu. Kai kuwa a Disamba za a kawo maka, tsakiyar hunturu, lokacin da ɗanshin iskar Kano ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 da rana, da asuba kuma sanyi ya sauko ƙasa da digiri 15. Za ka ce sai ka riƙa fesa ruwa ka rufe robar. In ka rufe ruf, iska ba ta zagayawa, fumfuna ta fito, ita ma kisa take. Masu kiwonta a Turai da fitilar ɗumama da ma'aunin ɗanshi suke fama, kuma wutarsu ba ta ɗaukewa.

Batun haɗa su kuwa, kada ka soma. Macen takan kai santimita shida zuwa bakwai, namijin ko rabinta bai cika kaiwa ba. Kalaci kawai za ka kai mata. Ƙari a kan haka, namijin yana riga ta balaga, sau da yawa ya tsufa ya mutu kafin ta isa barbara. Gaba ɗaya ma rayuwar tasu ba ta cika wuce shekara guda ba.

Sannan shigo da ƙwaro mai rai ƙasa sai da izini. Akwai jami'an NAQS masu kula da killace tsirrai da dabbobi a filin jirgi. Kada ka jefa ɗalibi cikin tambayoyi saboda ƙwaro.

Abin da ke ba ni dariya, manyan korayen nan da ke sauka a fitilar tsakar gidanku ƙarshen damina, dangin Sphodromantis, su ne Turawa ke saye da kuɗinsu, suna cewa su suka fi dacewa da sabon shiga saboda juriya da cin abinci ba zaɓe. Akwai kuma Phyllocrania paradoxa mai kama da busasshen ganye, ita ma 'yar Afirka ce. Fara da ta gida.

Inna Mai Koko:
Ikon Allah! Mun girma muna jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ashe za mu ga ranar da za a yi wa Ƙoƙi ɗaki a kawo mata abinci har gado. Ɗana, ban hana ka ba, amma ka tuna hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Duk ran da ka ga makaranta ta sha kanka, buɗe mata ta tafi. Kuma ka ja kunnen 'yan gidanku kan fiya-fiya da maganin sauro na hayaƙi, don ba su san na kiwo ba.

Ɗan Gwammaja:
Na gode Baban Hanan, na gode Inna. Jiya bayan isha na kama wata koriya a jikin bangon makwabta, tsawonta ya kai yatsana na tsakiya. Tana cikin robar alewa, na huda murfin. Na jefa mata gyare ta ƙi kulawa, har ture shi take da hannu. Ko ba ta da lafiya ne? Kuma na ga wani abu kamar busasshen kumfa manne a reshen darbejiya, ƙanwata ta ce ƙwanta ne.

Baban Hanan, Selango:
Duba bayanta. In fiffiken ya rufe cikinta duka, ta gama girma, baƙunta ce kawai ke damunta, ka ba ta kwana biyu. In kuwa 'yan guntaye ne masu kumburi, saɓa za ta yi, kuma maza ka cire gyaren nan yau, don yana iya cinye ta tana rataye jikinta da laushi. Kada ka taɓa ta, kada ka girgiza robar, kada ka ba ta komai sai kwana ɗaya ko biyu bayan ta gama.

Robar alewa ta yi gajarta. Nemi wadda tsayinta ya ninka tsawon jikinta sau uku, faɗinta sau biyu. Yanke tsakiyar murfin ka ɗaura yankin gidan sauro, a nan za ta riƙa rataya, roba santsi gare ta. Sa ɗan reshe a jingine, ka yayyafa ruwa kaɗan a bangon robar da yamma, ɗigon take sha. Abinci sai mai rai: ƙuda, ƙananan fara, ƙwarin fitila, bayan kwana biyu ko uku. In cikinta ya yi tim, dakata. Kada ka kamo daga gonar da aka yi wa feshi. Ɗora robar a kan faranti mai ruwa saboda kiyashi, nesa da rana.

Ƙanwarka ta yi gaskiya, jakar ƙwai ce. Bar ta a reshenta. In ta ƙyanƙyashe a ɗakinka za ka wayi gari da 'ya'ya fiye da ɗari, kowanne bai fi sauro ba, sai ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba suke iya kamawa, in babu kuma su hau cin juna. Turo hoton bayan nata in gani.