Wa ya taɓa haɗa jigilar log ta SQL Server da sikirif? Danna Next ya ishe ni

Dan_Kubwa:
Salam 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar databes a ba ni shawara. Ina aiki a wani kamfani nan Wuse 2, SQL Server 2019 Standard muke da shi, oga ya ce lallai a samu kwafin komai a ofishinmu na Jos ko da tsautsayi, gobara ko saba ta mutu. To jigilar log (log shipping, wato a riƙa ɗaukar bakof na log ɗin da ke ajiye duk canjin da aka yi a databes, a kwafa zuwa wata saba a yi risto a can) muka zaɓa tunda kuɗin Enterprise ba a magana. Matsalar databes ɗin sun haura talatin, kuma duk sabon kwastoma sai an buɗe mai nashi, ni kuma ta SSMS, manhajar sarrafa SQL Server, nake yi ɗaya bayan ɗaya, cike folda, cike lokaci, shiga sabar Jos, OK, a dawo a sake, wlh har ido ya fara yaji. Ba yadda za a yi da sikirif mutum ya ba shi sunaye kawai ya gama?

Injiniya_Utako:
Wa alaikumus salam. Akwai mana, kuma rabin aikin SSMS ɗin ma zai yi maka. A wannan shafin da kake cikewa duba ƙasa za ka ga Script Configuration, ka cike guda ɗaya tsaf sai ka danna shi maimakon OK, zai zubo maka duk abin da yake yi a ɓoye. Za ka ga kira huɗu ne ginshiƙin abin. A sabar Abuja sp_add_log_shipping_primary_database da sp_add_log_shipping_primary_secondary, a ta Jos kuma sp_add_log_shipping_secondary_primary da sp_add_log_shipping_secondary_database. Na farkon shi ke ƙirƙirar aikin bakof, na ukun ya ƙirƙiri aikin kwafi da na risto. Sai ka cire sunan databes ka sa shi ya zagaya kan jerin sunayenka.

Amma lura da wani abu, ayyukan nan a kashe suke fitowa kuma ba jadawali, shi ya sa za ka ga sp_add_schedule da sp_attach_schedule da sp_update_job a biye da su, in ka yanke wannan wurin wai kana gyara sikirif ya yi kyau to komai zai wuce ba kuskure ko ɗaya amma ba fayil ɗin da zai motsa. Sannan kar ka sa duka talatin su tashi a daƙiƙa ɗaya duk minti 15, ka ɗan rarraba lokacin farawa. Kuma kafin komai sikirif ɗin ya duba recovery model, wato saitin yadda databes ke riƙe log ɗinsa, in SIMPLE ne ya tsallake ya gaya maka, sai FULL ko BULK_LOGGED ake yi da su.

Maman_Afnan:
Injiniya ka yi bayani, amma ni dai ban ga dalilin da yaro zai zauna yana saƙa wannan da hannu ba alhali dbatools, tarin umarnin sarrafa SQL Server, na nan kyauta a PowerShell. Invoke-DbaDbLogShipping ka ba shi sabar farko, ta biyu, jerin databes da foldar da aka raba, ka ƙara -GenerateFullBackup shi zai ɗauki cikakken bakof ya yi risto ya haɗa ayyukan duka. In ka gama Test-DbaDbLogShipStatus ya gaya maka halin da ake ciki.

Ƙanina Dan Kubwa, ko wanne ka bi, haɗawar ba ita ce wahalar ba. Abin da ke kashe jigilar log yana wajen sikirif ɗin. Na farko izini. Asusun da SQL Server ke gudana da shi a Abuja dole ya iya rubutu a foldar bakof, shi kuma asusun Agent (mai gudanar da ayyukan jadawali) na Jos dole ya iya karanta ta ta netiwok, kai ka buɗe foldar da naka asusun ta buɗu ba ya nufin komai. Na biyu kuma wanda ya fi ciwo, duk wani abu daban da ke ɗaukar bakof na log. Tsohon maintenance plan da wani ya saita ya bar aikin, ko manhajar bakof da 'yan netiwok suka ɗora ba su gaya ma kowa ba, da zarar ta ɗauki log guda ta kai wani wurin sarƙar ta tsinke, Jos za ta ce fayil ɗin da ka kawo ya yi gaba da yawa, kuskure 4305 kenan, ta tsaya cak tana jiran wanda ba zai zo ba. Na ga wurin da aka yi makonni a haka, kwafi na tafiya lafiya fayiloli na taruwa kowa hankali kwance. Don haka ka sa sikirif ɗinka ya leƙa teburin tarihin bakof, backupset a msdb, ya ga wa ke ɗaukar log kafin ya haɗa komai, kuma ka kafa doka duk mai son bakof na gefe ya sa COPY_ONLY, shi ba ya tsinke sarƙar.

Dan_Kubwa:
Anti na gode sosai. Gaskiya akwai wani plan da na tarar yana tashi ƙarfe 2 na dare, ban san me ke cikinsa ba, gobe da safe shi zan fara buɗewa. To ya batun cikakken bakof na farko? Akwai guda biyu manya da in na tura ta layinmu sai dai a kwana ana jira.

Bature_Rayfield:
Oga kar ka wahalar da layi. Manyan nan ɗauki bakof da COMPRESSION, Standard na da shi tun 2008 R2, ka kulle shi da ENCRYPTION ka zuba a hard disk ɗin waje ka ba wani naku mai zuwa ta Keffi da Akwanga, satifiket ɗin buɗe shi kuma ka turo daban kar su hau mota ɗaya. A nan Jos a yi risto WITH NORECOVERY don databes ya zauna yana jiran log, log ɗin da suka taru a hanya za su bi baya da kansu.

Mu da ke Jos abin da zan ƙara shi ne retention, wato tsawon lokacin da ake ajiye fayilolin bakof. SSMS awa 72 yake sawa, bayan nan ya goge tsofaffin fayiloli a Abuja ko Jos ta kwafa ko ba ta kwafa ba. Yanzu a ce hutun Sallah ya haɗe da ƙarshen mako, an ɗauke wuta inbata ta sauka ba mai tada janareta, ka dawo ka tarar giɓi. Ka ƙara shi ya kai mako in akwai wuri. In ma ya faru, differential, bakof ɗin abin da ya canza tun cikakken bakof (full) na ƙarshe, na iya cike giɓin muddin ba a ɗauki sabon full ba tun da abin ya tsinke.

Injiniya_Utako:
Hajiya ban ƙi dbatools ba wlh, ni ma ina amfani da shi, kawai na fi so ya ga cikin injin tukuna don ranar da abu zai lalace da tsakar dare ya san teburin da zai buɗe, log_shipping_monitor_error_detail ba ya ƙarya. Kuma akwai wuraren da ba za su bari ka ɗora komai daga intanet kan saba ba.

Dan Kubwa abu biyu kafin ka fara. In za ka sa saba mai sa ido to tun farko za ka sa ta, ba a ƙara ta daga baya sai an warware an sake. Kuma ka haɗa saƙonnin kuskure 14420 da 14421 da imel, su ne ke ihu in bakof ko risto ya makara. Sannan login ba sa bin jigilar, a master suke zaune, ranar da kuka koma Jos databes zai buɗe amma manhaja ta kasa shiga.

Maman_Afnan:
Copy-DbaLogin yana kwashe su har da lambar shaidarsu ta SID, ka ga dbatools ɗin dai Injiniya 😂 Kuma ƙanina ka gaya ma oganka tun yanzu abin nan ba ya juyawa da kansa, mutum ne zai ɗauki log na ƙarshe in Abuja na numfashi, ya yi risto WITH RECOVERY a Jos, ya canza adireshi a manhaja. Wannan ma sikirif yake so, kuma ku gwada shi wata Asabar.

Dan_Kubwa:
Allah ya saka da alheri duka. Zan fara da guda ɗaya ƙarami ta hanyar Injiniya in ga cikinsa, sauran in bi ta dbatools. Saura tambaya ɗaya, yanzun nan oga ya leƙo wai tunda saba na zaune a Jos me zai hana 'yan akawun su riƙa ciro rahoto daga can. Na ga akwai STANDBY mai barin a karanta databes ɗin Jos, amma an ce duk lokacin risto sai ya kori masu karatu, akwai wanda ke yin haka a wurinsa?