Tafkin roba ya karkace mini, yashi zan cika ko yaya?

Mai tambaya, Gesse, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zafin Afrilun nan ne ya sa na sayo wa yara tafkin roba, irin mai zagaye da ƙafafun ƙarfe wanda ake kafawa a bisa ƙasa, faɗinsa ƙafa 12, zurfi inci 30. Na share bayan ɗaki, na shimfiɗa tamfol, muka haɗa shi ni da ƙanena. Ruwa bai kai rabi ba na ga ɓangaren katanga ya fi ɗayan cika da kusan yatsa huɗu, ƙafafu biyu kuma sun fara nutsewa. A ido wallahi wurin sumul yake. Ƙanena ya ce mu zubar da ruwan, mu kawo yashi baro biyu mu cike gangaren. Kafin in yi asarar ruwa sau biyu, masu sani ku taimaka.

Wani birkila daga Jega: Wa alaikumus salam. Alhaji, an ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a wannan aikin bai sani ba, ruwa ne kaɗai ba ya ƙarya. Kada ka cike gangare. Tudun za ka sare har ya sauko daidai da kwarin. Wannan girman yana cin kusan lita 6,500, kowace lita kuma kilo guda ce, ka ga tan shida da rabi ke nan za su zauna a kan cikon da ka zuba jiya. Yashi zai gudu gefe, ƙafafun su bi shi, nauyin ya taru a bango ɗaya. Ƙasar da ba a taɓa ba ita ce ta daɗe da zama, ita za ta ɗauka.

Ka kafa turke a tsakiya, ka ɗaura igiya mai tsawon ƙafa 7, ka zana da'ira, don fili ya fi tafkin faɗi da ƙafa guda ta ko'ina. Sai ka samo siririn tiyo mai nuna ciki, wanda muke awon gini da shi, ka cika shi da ruwa ba tare da iska ta maƙale ba. Baki ɗaya a jikin turken tsakiya, ɗayan kuna zagawa da shi kuna sa alama. Inda ruwan ya tsaya a wannan bakin, nan ya tsaya a wancan. Ka auna daga alamar ruwan zuwa ƙasa a kowane wuri, bambancin kada ya wuce inci ɗaya. Yatsa huɗu ya yi yawa ƙwarai.

Wani daga Badariya: Ni a ganina a huta da wahala, a zuba siminti kawai a yi daɓe mai kyau.

Mai tambaya: Gidan haya nake, ɗan uwa. Mai gida ko ƙusa ba ya son a buga.

Wata dattijuwa daga Argungu: Ɗana, da can da me muke daɓen ɗaki kafin siminti? Bayan ka sare tudun, ka tsince duk wata tsakuwa, fasasshiyar kwalba da saiwa, da hannu ba da tsintsiya ba. Ka yayyafa ruwa, ka bar shi ya sha, ka bi da madaɓi ko guntun katako mai nauyi kana bugu. Gobe da sanyin safiya ka sake. Idan ka taka da dunduniya ba ta bar shaida ba, ya yi. Ka kuma lura da ayaya, ciyawar nan mai ƙwaya a ƙasa. In ka yanke ganyen ka bar ƙwayar, da ta ji danshi za ta tsiro, kuma tsininta yana huda roba. Tono ta za ka yi.

Birkilan Jega: Gaskiyar Inna ce. Yashin da ƙanenka yake so yana da amfani, amma matsayin katifa, ba ciko ba: tankaɗaɗɗe, kauri bai wuce inci biyu ba, a baje shi da dogon katako. Kowace ƙafa kuma ka sa mata intalok ko falankin katako mai kauri, ka binne shi ya yi daidai da fuskar ƙasa. In ya ɗago, gefensa zai ci robar. Tamfol a sama, sannan tafki. Ka fara zuba ruwa inci ɗaya tak, ka shiga ba takalmi ka miƙe tattarar ƙasan, ka duba ko ya bazu ko'ina daidai.

Wani mai aikin famfo: Tambaya ɗaya, Alhaji: bayan ɗakin nan, ina sokawe take? Galibin gidajenmu a can ake haƙa ta. Murfinta ba a yi shi don tan shida ba. Sannan ka kauce wa ƙarƙashin indararo saboda damina, da gindin dogon yaro saboda saiwa da ganye. Ranar zubarwa kuma jarka 260 ce mai lita 25, kada ka sake ta a gindin katangar maƙwabci.

Wata uwa: Baban yara, ni tawa ba ta ƙasa ba ce. Inci 30 ya isa ya shanye yaro mai rarrafe, kuma ba a jin motsi. In akwai tsani a cire shi bayan wanka, ƙofar bayan kuma a sa mata sakata a sama inda hannunsu bai kai.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na je na duba, ashe ƙafafun da suka nutse a gefen sokawen suke, inda aka mayar da ƙasa bayan haƙa. Jikina har ya yi sanyi. Mun janye ruwan da tiyo zuwa gindin mangwaro, za mu matsa gabas da taku shida. Malam birkila, tiyon awon nan mita nawa zan sayo?

Birkilan Jega: Mita 10 ya ishe ka. Ka ɗiga ɗan zoɓo a ruwan don ka riƙa ganinsa da kyau.