Ƙanena ya faɗa shan ais, ina ake kai irin su?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nike nema. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, lodin albasa yake yi a Aliero, tun bara muka ga ya canza, sai ya kwana biyu idonai biyu yana ta surutu yana kwance rediyo yana ɗaurawa, abinci ko kallo bai ishe shi ba, duk ya zube. Yanzu har ya fara cewa maƙwabta na leƙensa ta saman katanga. Abokinsa ya ce mani da ƙwayar hana barci ya fara don aikin dare, yanzu ais yake sha. Inna ta ce gidan mari, kawu ya ce a kai shi kemis a sa mishi ruwa a wanke jinin. Mi ne ne ma wanga ais ɗin? Kuma ana warkewa?

Malam Na Argungu:
Wa alaikumus salam. Allah ya shirya mana zuri'a. Ais ɗin nan sunansa na asibiti metamfetamin, kuma ba sabon abu ba ne, mu ne ya iso ma a makare. Yayansa amfetamin a Jamus aka fara haɗa shi 1887, shi kuma metamfetamin wani masani ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, ya fitar da shi 1893. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Hitler an riƙa raba musu shi da sunan Pervitin don su yi tafiyar dare da rana ba barci, Japan ma ta ba sojojinta da ma'aikatan masana'antu, da aka gama yaƙi abin ya dawo ya addabi gari. Kun ga dai tun asali don a ci gumin mutum aka yaɗa shi, irin dai yadda ake ba yaranmu wurin lodi da haƙar zinare. A nan Najeriya 2011 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA ta fara gano wurin dafa shi a Legas.

Maman Hanifa:
Ɗan uwa ni nas ce, bari in fara da maganar kawu. Babu wani ruwa da ke wanke wannan abu, jiki da kansa yake fitar da shi cikin 'yan kwanaki, matsalar a ƙwaƙwalwa take. Akwai sinadarin jin daɗi da kuzari da ake kira dofamin, ais na tatso shi gaba ɗaya lokaci guda, shi ya sa mutum ke jin zai iya loda tirela shi kaɗai. Bashin ƙarfi ne yake ci, in ya sake shi sai biya, ka ga barci ba iyaka, ci kamar me, baƙin ciki, wani har ya yi tunanin kashe kansa, to a makon farkon nan kar ku bar shi shi kaɗai ko kaɗan. Ga hawan jini, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ga yaro ɗan shekara 25, haƙora su lalace, wasu su yi ta sosa fata har jini wai ƙwari na yawo ciki.

Wannan na cewa ana leƙensa shi ne ya fi damuna, alamar taɓuwa ce, kuma likitan ƙwaƙwalwa na da maganin da ke kwantar da ita. Ku je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato, ko ku fara da babban asibiti a Birnin Kebbi su duba shi su tura ku. Amma gaskiya har yau babu ƙwaya guda da aka amince tana cire sha'awar ais, abin da aka ga yana aiki shi ne zaman shawara akai-akai da kuma tsarin da ake gwada fitsari, in ya fito tsaf a ba shi 'yar kyauta. Kar ku raina wannan, ya fi bulala aiki nesa ba kusa ba.

Direban Yauri:
Ni na sha ƙwaya lokacin ina jan mota zuwa Legas. Wallahi in dai zai koma tashar nan da abokan nan to ko Makka kuka kai shi ya dawo sai ya koma. Ku canza mishi sana'a da lambar waya. Kuma in ya zame sau ɗaya ba a ce an gama ba, ni ma na zame kafin in tsaya.

Abu Sumayya:
Duk da haka kar a manta da addu'a, ana wasa da ita yanzu.

Maman Hanifa:
Malam ba wanda ya hana addu'a, a yi ta safe da yamma. Sarƙa da bulala ne ban yarda da su ba, mutumin da ke ganin ana farautarsa ka ɗaure shi a ɗaki ai ka tabbatar mishi da zarginsa ne.

Ɗan Jega:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta ma Inna, ta yarda da Kware in dai ni zan kai shi. Maman Hanifa, in ya ƙi shiga mota fa, ya ake yi?