Kwamfutata ta ƙi ganin sabon faifan DVD

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ina fama. Faifan fim kam, da na saka kwamfutata ke buɗe shi. Amma sabon DVD-R wanda ba a rubuta komai a kai ba, sai ya yi ta juyawa, can ta ce in saka faifai, alhali yana ciki. Na gwada guda 5, har da DVD+R, duk ɗaya. Na goge idon na'urar da ke karanta faifan, na cire direbanta (manhajar da ke sa ta aiki) a Windows 10 na sake kunnawa, shiru. Abin ɗaure kai, sabon CD-R tana ganinsa lafiya lau. Shin hasken da ke karanta DVD ne ya raunana, ko akwai saitin da zan duba kafin in sayi wata na'urar? Don Allah a taimaka.