Neman shawara: ma'aikacin kamfani ya ci ƙanena tarar fam 150 a Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ɗalibi ne a Ingila. Rasit ya faɗo daga aljihunsa a tashar bas, sai wani mai kyamara a ƙirji ya rubuta masa takardar tara ta fam 150 bisa laifin zubar da shara. Ba ɗan sanda ba ne, kamfani yake wa aiki. Ya biya ko ya share?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Kada ya share. Ƙananan hukumomi na ba kamfanoni kwangilar wannan aiki, kuma takardar tana da ƙarfin doka, ƙarƙashin sashe na 88 na dokar kare muhalli ta 1990. Yana da kwana 14 kafin a iya gurfanar da shi. Idan ya biya magana ta mutu, sunansa ba zai shiga kundin masu laifi ba. Idan aka je kotun majistare ya faɗi, tara na iya kaiwa fam 2,500, ga kuɗin shari'a.

Maman Sadik: Malam, kafin biya a duba wani abu. Ƙa'idar gwamnati ta ce abin da ya faɗi bisa kuskure ba a cin tara a kai, a fara nuna wa mutum ya ɗauke. Amma a wasu kwangilolin kamfanin daga tarar yake cin abinci, shi ya sa hannunsu ke saurin kai wa ga alƙalami. Babu ɗaukaka ƙara a hukumance, sai dai ƙorafi. Ya rubuta yau ɗin nan zuwa ga ƙaramar hukumar, ba kamfanin kaɗai ba: lambar takardar, rana, lokaci, wurin, da ko an ba shi damar ɗaukewa. Ya nemi bidiyon kyamarar, haƙƙinsa ne, suna da wata ɗaya su amsa. Inda ake tuntuɓe shi ne a ɗauka ƙorafi ya tsayar da lissafin kwana 14 ɗin. Sai sun rubuto cewa sun dakatar tukuna.

Alhaji na Bamingam: Ƙari kaɗan. Ma'aikatan kamfanin ba su da ikon caje jikin mutum, amma ƙin faɗin suna da adireshi, ko faɗin na ƙarya, laifi ne daban mai tarar har fam 1,000. A nemi katin shaidarsu, kuma kada a miƙa wa kowa kuɗi a titi. Wasiƙar kotu kuwa adireshin da ya bayar za ta je, kwana 21 ake bayarwa a amsa, in ya tashi daga gidan ya sanar da su.