Saita agogon rauta da suwic da NTP: kowa ya kawo abin da ya gani

Mai tikitin Wi-Fi, Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da muka gani kan agogon na'urori. Ƙaramar rautata ba ta da batirin da ke riƙe agogo, duk sanda aka ɗauke wuta ta sake tashi sai ta koma 1970. Lissafin tikitin awa 24 ya rikice, kwastoma ya zo da ƙorafi, kuma da gaskiyarsa. Tunda na kunna NTP, wato tsarin da na'ura ke karɓo lokaci daidai ta intanet, na ba ta adireshin pool, tarin sabobin lokaci na jama'a, wato africa.pool.ntp.org, da intanet ya hau take gyara kanta.

Injiniyan makaranta, Kano: Wa'alaikumus salam, Malam. Mu namu suwic-suwic Cisco ne. Na rubuta ntp server da adireshin, amma show ntp status ya ci gaba da nuna stratum 16, wato bai samu lokaci daga kowa ba. Ashe katangar tsaro ce ta toshe UDP 123, ƙofar da NTP ke bi. Da aka buɗe ƙofar ma bai kama nan take ba, sai da ya ɗauki 'yan mintuna. A yi haƙuri da shi, kada a yi ta goge saiti ana sakewa.

Mai kula da saba, Kaduna: Ni abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ranar da ma'aikata suka kasa shiga kwamfutocinsu, kowa yana rantsuwa kalmar sirrinsa daidai take. Daidai ɗin take kuwa. Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya yarda agogon kwamfuta ya saɓa da na saba fiye da minti 5, namu ya wuce haka. Su ma takardun shaidar shafuka masu https, in kwanan wata ya karkace sai burauza ta ƙi su.

Mai haɗa kyamarori, Maraɗi: Hajiya, naku da sauƙi. An yi sata a wani shagon da na yi wa aiki, aka ɗauko faifan, lokacin da ke jikinsa ya yi baya da awa guda cif, har aka fara zargin yaron shago da ba ya nan sanda abin ya faru. NTP lokacin UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, yake bayarwa, kai ne za ka gaya wa na'ura yankinka. Nijar da Najeriya duk UTC+1 ne, kuma ba ma canza agogo da rani ko damina.

Tsohon ma'aikacin sadarwa, Jos: Shawarata, kada kowace na'ura ta riƙa fita waje neman lokaci. Babbar rauta ta ɗauko daga saba uku ko huɗu, sauran duk su sha daga gare ta. Da saba biyu, in suka saɓa ba ka san mai gaskiya ba. Kada kuma a haɗa time.google.com da na pool, domin daƙiƙar ƙarin da akan ƙara wa agogon duniya jefi-jefi, Google shimfiɗa ta yake yi a hankali, su kuwa ba haka suke ba. A rufe ƙofar 123 ga masu shigowa daga waje; a 2013 da 2014 da sabobin da aka bari a buɗe aka riƙa kai manyan hare-hare ta wani umarnin NTP mai suna monlist.

Mai tikitin Wi-Fi, Zariya: Na gode, Baba. To in rauta ta tashi intanet bai hau ba fa, akwai wanda ya gwada ƙaramin GPS a matsayin tushen lokaci?