Shawarwarin masu zane kan zana mutum

Masu zanen da suka tattauna batun bakinsu ɗaya: a fara da awo, fenti ya jira tukuna. Tsayin baligi kusan ninki 7 da rabi ne na tsawon kansa. Idanu a tsakiyar kai suke, amma sabon hannu yakan ɗora su can sama, sai goshi ya ɓace.

Wasu suka ce a riƙa amfani da gawayi a zana mai tafiya cikin minti 2 don kama motsinsa. Wasu kuma suka nace a kan sanin ƙashi da tsoka, kamar Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya, da ya feɗe gawarwaki don ya san su. Ni kam na fi karkata ga masu cewa a lura da inuwa, domin ita ke fito da kumatu da ƙashin wuya.